Baƙin Allo Ko Latsa Maɓalli: Daga Ina Mai Kula da Sabar Zai Fara?

Duk lokacin da ka tura kuɗi ta manhajar banki, ko ka duba sakamakon JAMB, ko ka aika saƙon murya a WhatsApp, wata kwamfuta ce a wani ɗaki mai sanyi ta karɓi buƙatarka ta amsa. Sabar ake ce mata, wasu kuma su ce uwar garke. Ba ta da allo a gabanta, ba ta da linzami, kuma ba a kashe ta dare da rana. Akwai mutanen da abincinsu shi ne su tabbatar ba ta tsaya ba: su girka mata manhaja, su toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, su adana kwafin bayanai, su tashi tsakar dare idan ta yi gardama. A da masu gudanar da sistem ake kiransu, yau kuma za ka ji ana cewa DevOps ko injiniyan gajimare, wato mai kula da sabobin da ake haya ta intanet.

Sana'ar ta fara jan hankalin matasanmu, musamman tun da Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, kuma aikin gajimare da DevOps suna cikin darussan. Sha'awar ta shigo mana da wata gardama da ta daɗe tsakanin masu sana'ar a duniya. Wani ɓangare na cewa duk mai son aikin sai ya fara da tushe: ya zauna gaban baƙin allo, ya koyi bai wa kwamfuta umarni da rubutu, ya san yadda Linux ke tafiyar da fayiloli da izini da hanyar sadarwa. Ɗaya ɓangaren na cewa wannan tsohon yayi ne, gara a wuce kai tsaye zuwa AWS ko Azure ko Google Cloud, a koyi shafukansu, a ci jarrabawar satifiket, a nemi aiki. Ina da inda na karkata, amma hujjojin waɗanda ban bi ba suna da nauyi, kuma da su zan fara.

Ga wanda bai taɓa gani ba, baƙin allon nan taga ce kawai da ake rubuta wa kwamfuta magana. Ka rubuta ls ka danna Enter, ta jero maka fayilolin da ke wurin. Ka rubuta df, ta faɗa maka sauran fili nawa ya rage a faifan ajiya. Manhajar da ke karɓar umarnin ta aiwatar ita ake kira shel, kuma wadda ta fi yaɗuwa a Linux ita ce Bash. Idan ka tara umarni goma ko ɗari a fayil guda, ka sa masa sharaɗi da maimaici yadda zai yi aiki ko ba ka nan, ka rubuta sikirif ke nan. A kan wannan ake ta ja-in-ja.

Masu cewa a tsallake suna fara magana ne da aljihu. Matashin da ya gama bautar ƙasa, iyaye sun zuba masa ido, ba shi da shekara biyu da zai ɓatar kafin ya ga albashin farko. Sunayen da ke ƙyalli a tallan aiki su ne AWS, Azure, Docker da Kubernetes, kuma satifiket ne abin da mai tace takardu ke iya gani da ido. Tun da Amazon ya buɗe hayar sabar ta EC2 a 2006, mutum na iya samun sabar cikin mintuna kaɗan da latsa maɓalli. Rumbun bayanan da a da sai ka girka da hannunka, yanzu kamfanin ne ke kula da shi, ya ɗauki kwafi, ya sabunta. Ƙaramar makaranta ko shago na iya riƙe shafinsa shekara guda cur ba wanda ya buɗe baƙin allo. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya musa ta bai yi adalci ba.

Sai kuma su kawo tarihi. Ci gaban kwamfuta, in ji su, ɓoye wahala ne mataki bayan mataki. Masu rubuta manhaja na farko da kati mai huji suka yi aiki, kuma yau ba wanda ke cewa sai ka koyi huda kati kafin ka taɓa Python. To don me za a tsaya a kan kayan da suka haura shekara 40 a ce nan ne tushe? Unix, kakan Linux a tsari, a 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara shi a ɗakin bincike na Bell a Amurka. Shel ɗin Stephen Bourne ya fito a 1979, Bash na Brian Fox a 1989. Yaren shel kuma yana da murɗiya: tazara guda a inda ba ta dace ba ta isa ta sauya ma'anar layi baki ɗaya. A Satumban 2014 ma aka gano wani rami na tsaro a Bash, wanda aka sa wa suna Shellshock, ashe tun 1989 yake kwance a ciki ba wanda ya lura.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce haɗari. Shafi mai maɓalli yakan tsayar da kai ya tambaya ko ka tabbata, wani lokaci har ya sa ka rubuta sunan abin da za ka goge. Baƙin allo ba ya tambaya, abin da ka ce shi yake yi. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare da gajiya, ya ba da umarnin goge folda a kan sabar da ba ita yake nufi ba, kafin ya ankara kusan gigabait 300 na rumbun bayanan kamfanin sun tafi. Bayan wata guda, ranar 28 ga Fabrairu, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen rubuta umarni, ya cire sabobin da suka fi waɗanda ya yi niyya yawa, ma'ajiyar S3 ta yankin arewacin Bajiniya ta durƙushe kimanin awa huɗu, shafuka barkatai a duniya suka bi ta. Mu a nan wadda muka fi tunawa ita ce ta 4 ga Oktoban 2021, ranar da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Ita ma umarni guda ne da aka bayar lokacin gyara ya katse cibiyoyin kamfanin daga intanet. Idan ƙwararru a manyan kamfanonin duniya suna irin wannan ɓarna da layi ɗaya, ina hikimar miƙa wa ɗan koyo wannan wuƙa?

Yanzu kuma sun sami ƙarin ƙarfi daga ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, kana iya bayyana abin da kake so da magana ta yau da kullum a rubuto maka sikirif cikin daƙiƙu. Suna kuma ƙorafi, kuma ina ganin da gaskiyarsu, cewa wasu tsofaffin hannu sun mayar da baƙin allo shingen da suke kore sababbin shiga da shi. Yaro ya yi tambaya a ce masa ya je ya karanta littafin umarni, ko a raina shi don bai iya editan vim ba. Irin wannan hali ya sa mutane masu basira da yawa sun juya baya tun daga bakin ƙofa.

Duk da haka ban yarda a tsallake ba, kuma dalilina na farko shi ne misalin kati mai huji bai hau ba. Kati ya mutu ne don an maye gurbinsa. Shel kuwa sababbin kayan a kansa aka ɗora su. Sabar da ka haya da latsa maɓalli a gajimare, mafi yawan lokuta Linux ce, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, kuma da zarar ta tashi abin da za ta miƙo maka shi ne wannan baƙin allon. Tun Nuwamban 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ke jerin TOP500 dukkansu Linux suke amfani da shi. Buɗe fayil ɗin da ake gina kwantenar Docker da shi, za ka tarar da yawan layukansa umarnin shel ne. Kubernetes da umarnin kubectl ake sarrafa shi, kuma jarrabawarsa ta CKA a gaban baƙin allo ake yin ta, haka ma RHCSA ta kamfanin Red Hat: a ba ka sistem da matsaloli, a ce ka gyara. Microsoft, wanda ya gina dukiyarsa kan tagogi da linzami, shi da kansa ya fitar da PowerShell a 2006, ya kawo nau'in Windows Server marar tagogi a 2008, sannan a 2016 ya buɗe hanyar gudanar da Linux cikin Windows. Masu kula da ɗaruruwan sabobi latsawa ba ta wadatar da su.

Dalili na biyu shi ne ainihin abin da ake biyan mai wannan sana'a ya yi. Direba na iya shekara yana tuƙi bai buɗe bonet ba, amma bakanike ba shi da wannan zaɓi, kuma mai kula da sabar bakanike ne. Ranar da komai ke lafiya ba a ma tuna da shi. Ranar da shafi ya ƙi buɗewa, allon gajimare zai nuna maka jan launi da jadawali, ya ce akwai matsala, amma sau da yawa ba zai ce ga ta ba. Sai ka shiga sabar daga nesa da ssh, ka ga faifai ya cika maƙil, ka bi da du ka gano log ne, wato kundin da sabar ke rubuta duk abin da ya faru, ya kumbura don wani yana ta gwada kalmar sirri dubban lokuta. Kana son sanin waye? Ka sa grep ya tsamo layukan da aka gaza shiga, ka miƙa wa awk ya yanko adireshin IP, ka miƙa wa sort ya jera, ka miƙa wa uniq ya ƙirga. Layi ɗaya ne, kuma cikin daƙiƙu ga amsa daga kundi mai layi miliyan. Wannan dabara ta haɗa ƙananan umarni, abin da wannan ya fitar ya zama abincin na gaba, shawarar Doug McIlroy ce da ta shiga Unix a 1973, kuma amfaninta shi ne tana amsa tambayar da ba wanda ya hango balle ya yi mata maɓalli. Wanda bai koya ba tun da wuri, ranar zai fara koyo, waya na ƙara, manaja na tsaye a kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma maganar maimaici, wadda masu son latsawa ba su cika tsayawa a kanta ba. Latsawa tana da daɗi a sabar ɗaya. A sabar hamsin azaba ce, kuma hannun ɗan Adam sai ya tsallake ɗaya. Ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45. Dalili? An sa sabuwar manhaja a sabobi bakwai cikin takwas, aka manta da guda, ita kuma ta tayar da tsohuwar manhaja ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Sikirif ɗin da zai bi dukkan takwas ya kuma duba cewa sun yi daidai ba abu ne mai wuyar rubutawa ba. Wannan ya sa Google, a tsarin kula da sabobi da Ben Treynor ya kafa a 2003, ya ƙayyade cewa aikin hannu mai maimaituwa kada ya wuce rabin lokacin injiniya, sauran ya tafi wajen rubuta abin da zai ɗauke masa aikin. Bayan haka, abin da aka rubuta yana da shaida. Ana ajiye shi a Git, manhajar da ke riƙe tarihin sauye-sauye, abokin aiki ya duba kafin a gudanar, bayan shekara a san wa ya sauya me. Abin da ka latsa jiya kuwa, in ka bar aiki, yakan tafi da kai.

To ina batun haɗurran nan? Na ɗauke su da muhimmanci, shi ya sa nake ganin a bi labarin har ƙarshe. Bayan abin da ya faru, Amazon bai hana injiniyoyinsa rubuta umarni ba. Gyara kayan aikin ya yi, yadda zai riƙa cire sabobi a hankali kuma ya ƙi sauka ƙasa da adadin da sistem ke buƙata. Wato maganin mugun umarni shi ne sikirif mai hankali. Labarin GitLab ya fi wannan koyarwa. Goge bayanai ba zai zama bala'i ba da kwafin ajiya yana aiki, amma da suka waiwaya sai suka tarar hanyoyin ajiyarsu biyar ba wadda ta cece su yadda aka tsara. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana faɗuwa shiru, don nau'in pg_dump da ke ɗaukar kwafin na 9.2 ne alhali rumbun na 9.6 ne, kuma saƙonnin imel da ya kamata su sanar da gazawar ba sa isa. Abin da ya taimake su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin lamarin, don haka bayanan awa shida suka salwanta. Wanda zai gano irin wannan ɓaraka kafin ta fashe shi ne wanda ya san yadda manhajar cron ke tayar da aiki a lokacin da aka tsara, ya san cewa kowane umarni na dawo da lambar nasara ko gazawa, ya kuma saba da gwada dawo da kwafi. Wannan duk ilimin tushe ne. Nisantar da ɗan koyo daga wuƙa ba ya hana ranar da za a miƙa masa ita, sai dai ya riƙe ta a karon farko a kan sabar banki maimakon tsohuwar kwamfutarsa.

Ƙirƙirarriyar basira kuwa ina amfani da ita kuma ina ba da shawarar a yi. Tana bayyana umarni da haƙurin da malamai da yawa ba su da shi. Amma sikirif ɗin da ta rubuto, kai ne za ka danna Enter, kuma kai za a tuhuma. A farkon 2015 an gano wani layi a sikirif ɗin manhajar wasanni ta Steam a Linux da ke cewa a goge duk abin da ke cikin foldarta. Sunan foldar a wani gurbi ake ajiye shi, kuma idan gurbin ya zo fanko sai layin ya koma cewa a goge komai daga tushe. Akwai wanda ya rasa fayilolinsa ta haka. A ido layin lafiya lau yake. Wanda bai taɓa rubuta sikirif da hannunsa ba, ko mutum ya rubuto masa irin wannan ko na'ura, ba zai ga ramin ba.

Akwai wata hujja da ta shafe mu kai tsaye, wadda ban cika jin ana kawowa ba. Shafukan gajimare suna cin data, suna son intanet mai ƙarfi, kuma buɗe asusu yakan nemi katin banki da ke biyan dala. Mantawa da sabar guda a kunne ta isa ta jawo wa ɗalibi bashin da ya fi ƙarfinsa. Shi kuwa ssh, wanda Tatu Ylönen ɗan ƙasar Finland ya rubuta a 1995, haruffa kawai yake aikawa, don haka yana tafiya ko a layin da hoto ya ƙi buɗewa. Tsohuwar laftof da Windows ta yi wa nauyi tana ɗaukar Debian ko Ubuntu kyauta, kuma a yi atisaye a kanta ba intanet. Wanda ba shi da laftof, manhajar Termux tana ba shi shel a wayar Android. A wurin ɗalibin Gusau ko Damagaram, hanyar tushe ce ta fi araha, saɓanin yadda ake zato. Ita ce kuma ta fi daɗewa a hannu: shafin gajimare yakan sauya fasali, a kai maɓalli wani wuri, amma grep ɗin da ka koya bana shi ne aka yi amfani da shi tun kafin a haife ka.

Inda masu kare tushe suka yi kuskure shi ne a girman abin da suke kira tushe. Haddace ɗaruruwan umarni ɓata lokaci ne, ƙwararru ma dubawa suke yi. Ba dole ba ne ka harhaɗa Linux daga farko, kuma zaɓin edita ba ya auna ƙwarewa. Bash ma yana da iyaka: ƙa'idar rubutun shel ta Google ta ce idan sikirif ya wuce layi 100 a koma wani yare mai tsari, kuma a nan Python ke shigowa. Jami'ar MIT, da ta lura ɗalibanta na kimiyyar kwamfuta suna gama karatu ba su iya waɗannan kayan ba, a Janairun 2020 ta shirya kwas mai suna The Missing Semester, kuma darasi 11 kacal ne, ana samunsu kyauta a intanet. Wanda ya ce wa matashi sai ya yi shekaru kafin ya taɓa gajimare ya cuce shi kamar yadda wanda ya ce ya tsallake ya cuce shi, sai dai cutar ta biyu ta fi tsada, don ita a wurin aiki take bayyana.

Hukuncina shi ne a fara da tushe, amma ɗan madaidaici, kuma a kan aiki na gaske. Yawo cikin foldoji, izinin fayil, duba abin da ke gudana da tsayar da shi, karanta log, haɗa umarni, shiga da ssh da makulli maimakon kalmar sirri, abin da adireshin IP da DNS da tashar sadarwa suke nufi, Git, sannan sikirif mai sharaɗi da maimaici. Mai ba shi awa ɗaya ko biyu kullum zai iya kama wannan cikin 'yan watanni. Daga nan ya hau gajimare ya nemi satifiket, kuma zai ga karatun ya yi masa sauƙi, don ya san abin da kowane maɓalli ke yi a ƙarƙashi.

Ina roƙon cibiyoyin horarwa da sassan kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su daina bai wa ɗalibi shaidar kammalawa don ya zaɓi amsa daidai a takarda. A ajiye masa sabar da aka lalata da gangan, a ba shi awa biyu. Kai kuma da ke shirin shiga sana'ar, a makon nan ka girka Linux a kan na'urar da ba ka tsoron rasa abin da ke cikinta, ka rubuta sikirif da zai ɗauki kwafin folda guda kowane dare, sannan ka goge foldar da hannunka ka dawo da ita daga kwafin. Kada ka karɓi makullin sabar kowa sai ka yi wannan ya yi aiki.